Tsamiyar da Ta Amsa Sallama

A ƙasar Rano itace ba ya kwana a ƙasa. Reshe ya karye da hantsi, kafin azahar yana ƙarƙashin tukunyar wani. Ko karan dawa, da a can baya ake barin dabbobi su tattake, yanzu dami-dami ake ɗaure shi a kai gida. Shi ya sa labarin da ya iske ni a Kano ya zama abin mamaki: wai tsohuwar tsamiyar gonarmu ta gado, wadda iskar farkon damina ta tumɓuke, har yanzu tana nan kwance. Damina ta wuce, an yi girbi, hunturu ya kankama, babu wanda ya zari ko tsinke a jikinta. Wani zai tsaya tambayar dalili. Ni malamin lissafi ne, lissafi na yi.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, sai komai ya tattara ya bi shi. Gas ɗin girki ya zama abin da ake kunnawa da addu'a, gawayi ya yi tsada, itacen da motoci ke kwasowa daga kudu, wajen Tudun Wada da Doguwa, kafin ya iso unguwarmu ya zama na masu hali. Ga kuma bishiya sukutum, busasshiya, ta gado, kwance tana jiran mai rabo. Na buga, na raba, na ga girkin watanni a kyauta. Uwargida ta ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ce mata ni ba zomo zan ɗauko ba.

Ranar wata Asabar na tayar da tsohuwar motata, na bi ta Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 ke sa gonaki kore shar ko da rani, har duwatsun Rano suka bayyana. Duk sanda na hango su sai in ji wani ƙarfi ya shigo ni. Mu fa ba ƙananan mutane ba ne: ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, Autan Bawo. Sai dai in aka bi tarihin da kyau, da aka yi rabon aiki tsakanin 'ya'yan Bawo, Gobir yaƙi aka ba ta, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano kuwa baba, wato rini. Babu inda aka ce an ba mu faskare. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Yayana na zaune a zaure yana gyaran igiyar shanu. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya ɗago kai ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Tsamiyar?"

"Ita."

"Kai kaɗai?"

"Yaya, itace ne fa, ba zaki ba."

Ya ce, "To." Ya shiga ya fito da gatari ya miƙo mini, bai ƙara ko harafi ba. Wanda ya san mutanen karkara ya san irin wannan "to" ɗin.

Inna ce ta yi magana. Ta ce, "Kafin ka ɗora mata ƙarfe ka yi bisimilla, ka yi sallama. Tsamiya ba ta rasa masu gida." Na gyara tsayuwa na fara yi mata bayanin cewa wannan duk camfi ne, saura ne na zamanin bori da tsafi, bishiya bishiya ce. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Na ji, ɗan boko. Ka dai yi sallamar, ai ba kuɗi ake biya ba." Daga nan ta ƙwala wa Auta kira. "Maigidana, zo ka raka Baffanka, ka riƙe masa ruwa."

Auta shi ne ƙaramin ɗan Yaya, shekararsa 6. Ya fito da jarkar ruwa a ka, danƙon harbin tsuntsu a wuya, silifa ƙafa ɗaya tasa ɗaya ta yayarsa. Yaro ne da Allah ya yi wa baiwa biyu: ba ya mantuwa, kuma ba ya shiru.

Gonar tana gabas da gari, wajen hanyar Kibiya. Muka ajiye mota inda hanya ta ƙare, muka bi burtali a ƙasa, ni da gatari a kafaɗa, shi yana biye.

"Baffa, ka taɓa faskare?"

"Tun ba a haifi babanka ba nake faskare."

Ya yi ɗan shiru. "Ai Baba ya girme ka."

"Kula da ƙaya, Auta."

Ban san girman tsamiyar nan ba sai da na gan ta a kwance. Muna yara a gindinta muke cin ɗumame ranar noma, daga jikinta Inna ke samun tsamiyar kunun azumi na shekara guda har ta yi kyauta. Yanzu ga saiwoyinta sun dubi sama, ga rami a inda ta tashi, ga gangar jikin da mutum biyu ba za su haɗa hannu a kanta ba, rassan kuma sun tafi can sun baje. Masu girki sun san darajar itace daki-daki. Marke shi ne na gaba, wutarsa tsaf, hayaƙi kaɗan. Ƙirya ta maƙera ce, gawayinta ke narka ƙarfe. Kuka kuwa, duk girman nan nata, cikinta soso ne, ko ruwan shayi ba za ta tafasa maka da daɗin rai ba. Tsamiya tana sahun manya: wuta mai zafi, garwashi mai daɗewa. Na tsaya ina kallonta ina ƙara lissafi.

"Baffa, in ka sare gidansu, ina za su koma?"

"Su wa?"

"Aljanun."

"Babu wasu aljanu."

"Ko za su bi ka Kano? Motarka da wuri a baya."

Na duba gabas, na duba yamma, ban ga kowa ba. Don dai yaron ya samu abin da zai faɗa wa kakarsa, ba don wani abu ba, na matsa kusa na yi sallama ƙasa-ƙasa.

Auta ya ce, "Ba su ji ba." Ya ajiye jarka, ya cika ƙirji da iska, ya kwarara: "Salamu alaikum, masu gida!"

Daga cikin rassan, can ƙasa, wata murya mai kauri, a shaƙe, ta amsa a hankali: "Wa alaikumus salam. Mun daɗe muna jiran ku."

Akwai masu yaɗa cewa gudu na yi. Ina so a rubuta a ajiye: ja da baya na yi da hanzari, don in samu fili in nazarci lamarin daga nesa, yadda ilmi ya tanada. Cewa nazarin ya kai ni tsallake kunya-kunya har gonar wasu, cewa takalmina ɗaya ya zauna a hanya, hulata ta rataye a jikin ƙaya, gatari kuma ban san inda na yar da shi ba, wannan duk yanayin ƙasa ne. Abin da ya fi wuyar bayani shi ne yaron da aka ba ni amana, wanda na waiwayo na hango tsaye daram a inda na bar shi, yana leƙa cikin rassa.

"Baffa! Dawo! Ba aljani ba ne, Baba mai rogo ne!"

Tsohon da ke da gonar da ta yi iyaka da tamu ne. Bayan girbi dabbobi sake suke, rogo kuwa yana nan a ƙasa, don haka ya shimfiɗa buhu a inuwar rassan yana gadi, barci ya ɗauke shi. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya sa hannu ya kare rana yana kallona ina ɗingisowa. Na tsuguna na gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi Kano, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Ai tun daga gudun na gane ɗan wane ne. Allah ya jiƙan mahaifinka, shi ma ƙafarsa ba ta da nauyi."

Da aka gama gaisuwa aka zo kan magana. Ya ce shi ba ya musu, gindin tsamiya namu ne, kakanmu ya gada. Amma da ta tashi faɗuwa ba ta faɗa gonarmu ba, tsallake iyaka ta yi ta kwanta a kan rogonsa. A lissafinsa ma, iyakar gonakin nan ita ce iyakar ƙananan hukumomin biyu. "Gindi Rano, kai Kibiya. Abin da ya faɗo Kibiya kuwa na mutanen Kibiya ne."

Na ga nan fagena ne. Na tuna masa cewa Rano da Kibiya da Bunkure ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja. Na ce ko da aka yi sababbin masarautu a 2019, aka rushe su a 2024, aka sake dawo da ta Rano a 2024 ɗin, Kibiya tana ƙarƙashinta. Sarkinmu ɗaya, Baba, mu duk abu ɗaya ne.

Ya ɓantari goro. "Sarki ɗaya ne, ɗana. Murhu ne kowa da nasa."

Ya ƙara da cewa shi ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa maza suna Legas, yayana kuma kullum sai ya ce sai an ga hali. Watanni ke nan kowa na zuba ido Allah ya kawo wani mai himma da gatari. Ya dube ni da fara'a, ya gyara buhunsa, ya zauna inda zai ga komai.

Auta ya tsinto mini gatarin da hula. Na tuɓe riga na rataye, na tofa yawu a tafin hannu yadda na ga ana yi, na zaɓi tsakiyar gangar jikin, wurin da ya fi kauri, domin babban aiki daga babban wuri ake fara shi. Na ɗaga, na yi kabbara a zuci, na sauke.

Ƙau! Gatarin ya yi tsalle ya dawo. Wani abu ya bi ta hannuna, ya ratsa kafaɗa, ya je ya kaɗa mini haƙoran da ban san ina da su ba. Auta ya matso, ya sunkuya, ya shafa jikin itacen da yatsa, ya duba nan ya duba can.

"Baffa, a ina ka sara?"

Na ce ya koma gefe, wurin aiki ba wurin yara ba ne. Na ci gaba. Ɓawo ya ɗan tashi, farin itacen waje ya ɗan ba da kai, amma da aka isa jan cikin nan sai magana ta ƙare. Zufa ta karyo mini a tsakiyar hunturu. Tafin hannun da bai saba riƙe abin da ya fi alli nauyi ba ya yi bororo, bororon ya fashe. Duk wannan da sauƙi in da shiru ake yi.

"Baba ba ya yin nishi sai gatarin ya sauka. Kai tun yana sama kake yi."

"Auta."

"Kuma ba ya rufe ido."

Gatarin maƙeranmu ba irin na kanti ba ne da ƙota ke shiga cikin ƙarfe. Namu ƙarfen ne ke shiga cikin ƙota: ruwan gatarin yana da tsini a baya, ana huda kan ƙotar mai ƙullutu da wuta a cusa shi. Kowane sara ƙara zaunar da shi yake yi, dabara ce mai kyau. Sharaɗinta ɗaya, kada ruwan ya kafe a itace ka ce da ƙarfi za ka fizge. Na tattara abin da ya rage mini na zuciya na kai wani sara, sai ga shi ya shige, ya kafe. Baba mai rogo ya ce, "Madalla!" Na ja, ya ƙi. Na girgiza, ya ƙi. Na taka gungumen da ƙafa ɗaya na fizga da iyakar ƙarfina. Ƙotar ta taho, ruwan ya zauna, ni kuma na tafi da baya na faɗa ramin saiwa, zaune.

Ramin ba kango ba ne. Inna ta yi gaskiya, tsamiya ba ta rasa masu gida, sunansu kawai ta kuskure. Cinnaku ne, gari guda, kuma ba su tsaya jiran sallama ba. Ta ƙafar wando suka shiga. Wanda cinnaka bai taɓa ciza a inda ba a sosawa gaban mutane ba, ba zai gane ba, kuma ba na yi masa fata. Na fito daga ramin nan kamar akuyar da aka watsa wa ruwan zafi, ina tsalle, ina dukan cinyoyina, ina juyi, ina kiran sunayen Allah waɗanda na sani da waɗanda na manta.

Daidai lokacin wasu Fulani mata masu tallan nono suka ɓullo ta burtali da ƙore a ka. Suka ja suka tsaya. Auta, da yake yaro ne mai son taimako, ya ruga ya tare su da bayani.

"Baffana ne, daga Kano. Ya sari tsamiya, aljanun suka hau shi."

Babbar cikinsu ta riƙe baki. "Subhanallahi! Allah ya ba shi lafiya. Ku nema masa mai ruƙiyya tun da wuri." Suka ratse ta cikin gona, suka ba ni hanya mai faɗi. Baba mai rogo kuwa dariya ta sa goro ya sarƙe shi, sai da Auta ya ba shi ruwan da aka ce ya riƙe mini.

Na koma bayan saiwoyi na yi abin da ya wajaba da wandon. Da na fito sai na lura da wani abu a gefe: dami guda, ɗaure tsaf da ɓawon kalgo. Ashe duk lokacin da nake yaƙi da gangar jiki, yaron nan tsakanin sharhi da sharhi yana bin ƙananan rassa, yana taka su da ƙafa suna karyewa, yana tara ƙirare. Abin da na samar ni kuwa, in aka share aka tara, zai cika hulata.

Tsohon ya share hawaye, ya laluba aljihu, ya ciro waya. Ya ce akwai wani yaro mai faskare, bari ya gwada ko yana kusa. Ko gama mayar da wayar aljihu bai yi ba sai ga mutum a kan keke, da gatura biyu, da guduma, da ƙarafan da ake kafawa a tsaga. Daga baya na ji surukinsa ne. Ban ce an shirya ba. Na dai ce Kibiya ba ta kai kusan haka ba.

Siriri ne, ba za ka ce zai iya ɗaga turmi ba. Ya gaishe mu, ya dubi ruwan gatarin Yaya a kafe, ya ɗan buga shi ta gefe, hagu da dama, ya zare shi da yatsu biyu ya miƙa wa Auta. Ni bai ba ni ba. Sannan ya zagaya bishiyar yana ƙwanƙwasa ta yana saurare. Ya ce gangar jikin nan ba aikin gatari ba ce, sai injin yankan itace, shi kuma sai an nemo mai shi, an sayi mai, an sanar da malaman daji. Rassa dai zai iya. Kuma kuɗin tsamiya daban ne, don cin bakin gatari take yi.

Na zauna ina kallon aiki, ina hura tafin hannu. Ba ya sara inda ya ga dama. Sai ya nemo inda rana ta riga ta tsaga itacen, ya bi jijiyar, ya kauce wa gaɓa, ya fara daga gefe yana ɓantara yana shiga ciki. In ta yi gardama ya kafa ƙarfe ya bi shi da guduma, sai ka ji ta yi ƙara ta buɗe. Gatarin ne ke faɗowa da nauyinsa, shi rakiya kawai yake yi. Auta ya tsuguna kusa da ni.

"Baffa, ka ga, shi ma ba ya rufe ido."

Sai da itace ya taru tsibi guda sannan lissafin ya fito mini sarai. Gangar jikin da ba ta saruwa ita ce a Rano. Rassan da aka faskara kaf a Kibiya suke. Baba mai rogo, don girman zumunci da tunawa da mahaifina, ya ce a raba biyu. Kuɗin mai faskare kuwa, tunda ni na zo da niyyar aiki, bai ga dalilin da zai shiga tsakanina da ladana ba.

Ana cikin rabo sai ga yaro da jaki da mangala. Gwaggonmu da ke aure a Kibiya ta aiko: ta ji an taɓa tsamiyar babanta, kuma ko ba a raba gona ba ta san tana da kaso a kowane reshe. Masu nono sun isa gari ke nan. Aka loda wa jaki. Mai amalanke ya kai sauran bakin mota, ya karɓi nasa. A gida Yaya ya juya ƙotarsa da ta tsage, ya ce ba komai, maƙeri zai gyara, ya faɗi kuɗin. Inna ta zaɓi manyan guda-guda na ɗumamar ɗaki. Auta ya ƙi yarda a haɗa daminsa da na kowa, ya kai wa mai ƙosan ƙofar gida, suka yi ciniki, ya dawo yana ci bai ba ni ba.

Bayan magariba ya tara jama'a a tsakar gida. Ya yi muryar tsohon, ya yi gudun, har da waiwayen. Ya yi rawar cinnaku, aka ce ya sake, ya sake. Inna tana dariya tana cewa, "Ai dai ya yi sallamar." Da uwargida ta kira don jin ko na kama hanya, kafin in kai hannu ya riga ya ɗauki wayar. "Anti, ina wuni? Anti, kin san me?"

Abin da ya rage mini bai cika bayan mota ba. Na isa Kano da dare, na buɗe but, na fara saukewa da hannuwa naɗe da tsumma. Uwargida ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wannan ne na tsamiyar?"

"Shi ne. Wuta mai zafi, garwashi mai..."

"Ba a gidan nan ba."

Na ce haba, ke da iliminki? Ta ce ita ba ta yarda da camfi ba ko kaɗan, amma yaranta ƙanana ne, kuma a bakin yaro ake jin gaskiya. Da safe ta aika makarantar allon da ke ƙarshen layinmu, inda almajirai ke hura wutar karatun dare, ta ce a zo a kwashe sadaka. In ma da wani abu a ciki, in ji ta, can ne daidai shi.

Bayan sallar isha'i Malam ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna yana ta sa albarka, ni ina cije baki saboda bororo. Ya ce ya daɗe bai ga faskare mai kyau irin wannan ba, kowane guda ya bi jijiyarsa, hannun gwani ne. Wa ya yi?

Na tuna Auta yana Rano, babu mai jin mu. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, ɗan abin da aka koya ne tun ana yara."

"Alhamdu lillahi!" in ji Malam. "Ashe maganin yana kusa. Akwai wani gungumen ƙirya a bayan makaranta, mun rasa mai fasa mana shi. Gobe bayan asuba, in Allah ya kai mu. Gatari muna da shi, kuma zan tara maka yara su taya ka."